Kujerar da Na Ba Maginin Rijiya

Ina da shekara ashirin da bakwai aka damƙa mini mutum bakwai da igiya da injin hannu, aka ce ni ne shef ɗinsu, wato shugaba. Aikinmu ginar rijiya, abin da mutanen gabas ke ce wa haƙa. Wani ƙaramin proje ne, aikin taimako na Turawa, biro ɗinsa, wato ofis, ɗaki biyu a cikin Tawa. Na fito lakwal, makarantar boko, da takardata, na iya zana rijiya a kan allo tun daga baki har gindi, a yi mini tafi. Amma bari in tona kaina tun yanzu: ban taɓa shiga rijiya ba. Ko leƙa ta na yi, sai in yi maza in ja da baya.

Shekarun nan ne da baki ya buɗe a ƙasar, kowa da jam'iyyarsa, kowace safiya da yajin aikinta. An karya darajar kuɗinmu, hatsi ya zama abin kallo a kasuwa, a arewa kuma hanya ta lalace, ana tare motoci. Turawanmu suka tsorata. Suka ce rijiyar da ke hannunmu ita ce ta ƙarshe a wannan yanki, kuma ranar ƙarshen wata kamyo, babbar motar kaya, zai zo ya kwashe inji da ƙarafa da mu kanmu, ko an gama ko ba a gama ba.

Rijiyar tana wani ƙauye ne arewa da Takanamat, a kan fako, inda ba ka ganin komai sai duwatsu da 'yan itatuwan aduwa. Matan garin suna fita da jakai bayan sallar asuba, ba sa dawowa sai azahar, da wani ruwa mai kalar kunu da suke kwalfowa a cikin kwari. Mun yi wata huɗu a wurin, mun wuce gaba talatin, muna haƙa muna zuba siminti a jikin ramin. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka ranar da aka taɓa ruwa an gama. Ina! Ranar ce aka fara na wuya. Sai an ci gaba da haƙa a cikin ruwan, ana kwarfewa ana nutsar da zobban siminti ɗaya bisa ɗaya, kamar kwana goma, kafin rijiya ta tara ruwan da zai kai gari ƙarshen bazara. In aka tsaya a sama-sama, za ta ba da ruwa, amma na wanke ido.

Babban maginin da ke cikinmu tsoho ne mutumin Bambai ta nan ƙasar Tawa, gajere, baƙi, kafaɗunsa sun fi ƙugunsa faɗi nesa ba kusa ba. Kowa Baba yake ce masa, har ni. Bai san harafi ko ɗaya na boko ba, amma in an fito da ƙasa a bokiti yakan damtsi kaɗan ya murza, ya shinshina, wani lokaci ya ɗora a harshe, ya ce saura kaza. Ni kuma in duba takarduna in yi tsaki a ɓoye. Sai abin ya zo kamar yadda ya faɗa, in ji haushi ya kama ni har wuya.

Suna da wata al'ada tasu da na tarar. In aka kusa ruwa, Baba ne kawai ke sauka. Da ya taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ya cire hularsa ya cika ta, ya ɗaura a igiya, a jawo ta ita kaɗai, a kai wa maigari a hannu. Nan mata za su ɗauki guɗa, a fito da tsohon duk jikinsa laka, gari ya kewaye shi. An ba ni labarin abin tun ranar da na kama aiki. Na ce to, wasan ƙauye ne, ba ruwana.

A farkon watan nan na ƙarshe aka kira ni Yamai wani taron horarwa na kwana biyar, wai yadda shugaba zai sa ma'aikatansa ƙwazo. Ɗaki mai sanyi, ga lemo, ga wani mushe, malamin boko, mai taye yana ta zane a allo. Ya ce ma'aikaci yana son a ƙara masa girma, yana son a yabe shi a gaban jama'a, yana son a kare lafiyarsa. Na cika littafi guda da rubutu. A mota ina dawowa zuciyata sai tsalle take, na ce wallahi na gano bakin zaren. Albashi yana makara, proje yana mutuwa, mutanena za su yi sanyi a daidai lokacin da nake bukatar su yi zafi, to bari in nuna musu cewa mai ƙoƙari ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ga kuma Baba ya tsufa, yana tari in ya fito daga rami, in wani abu ya same shi a can ƙasa ni za a tambaya.

Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, ba wanda ya yi sanyi. Ko ɗaya! Kafin in gama shan shayin safe sun riga sun ɗaura igiya. Ni ne dai na dawo da magani ina neman mai ciwo.

Na tsaya Tawa na sa sakatare ya buga mini takarda, aka doka mata hatimi. Na shiga kasuwa na sayi kujerar ƙarfe mai saƙar roba, shuɗi da ja, na ɗaure ta a bayan babur. Na isa ƙauyen saura kwana goma sha uku kamyo ya zo.

Washegari bayan la'asar na sa aka kira maigari da dattawa bakin rijiya. Na jera mutanena. Na gyara murya na karanta takardar da Faransanci, sannan na juya ta da Hausa: daga yau Baba ya zama shugaban ma'aikata, ya huta da shiga rami har abada, aikinsa kula da kaya da ba da umarni daga sama. Mataimakinsa ne zai riƙa sauka. Na ɗauko kujerar da hannuna na dasa ta a ƙarƙashin wata aduwa, can kusa da rumfar siminti, nesa da ƙura da rana. Na ce, "Baba, bismilla. Ka sha wahala, yanzu lokacin hutu ne."

Dattawan gari suka yi ta sa albarka. Mutanena kuwa kowa ya sa ido a ƙasa. Na ɗauka kunya ce irin ta mutanenmu in ana yabon nasu. Baba ya karɓi takardar da hannu biyu, ya dube ta a juye, ya dube ni, ya ce, "Shef, wani laihi na yi?"

Na yi dariya. Wayyo ni, dariya na yi! Na ce, "Haba Baba, laifi kuma? Girma ne aka ƙara maka."

Ya ce, "To. Na gode." Ya tafi ya zauna a kujerar, ƙafafunsa ba su ma taɓa ƙasa sosai ba. Tun daga ranar bai sake taka bakin rijiyar ba. Yakan zo da sassafe ya zauna, ya juya mata baya, ya miƙa guduma ga mai son guduma, siminti ga mai son siminti. In an gaishe shi ya amsa. Ni kuma ina ganin haka na ce ai shi ke nan, tsoho ya samu hutu, har na rubuta a rahoto cewa ya yi murna.

Mataimakin nasa wani dogon mutum ne daga wajen Barmu, ya haura arba'in, Tamashek ne harshen gidansu, Hausarsa a taƙaice take kamar yana sayen kalmomin. Ranar farko da ya sauka, ƙasa ta yi ta fitowa lafiya lau har yamma. Rana ta biyu da hantsi ya ja igiya aka fito da shi, ya zo ya tsaya gabana.

"Shef, mun iske dutse."

"Wane irin dutse?"

"Mai tauri. Dutsen ga, sai Baba."

Na ce masa ba zancen Baba, takarda ta riga ta fita, ya ɗauki guduma ya koma. Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya juya.

Daga nan aka shiga kwanakin da har yau ba na son tuna su. Tun safe har yamma ana jin guduma daga ƙarƙashin ƙasa, ƙwal, ƙwal, ƙwal, suna canjin hannu ɗaya bayan ɗaya. Bokiti ya fito da 'yan ɓaraguzan dutse da ba su fi cikin ƙwarya ba. In na saki ma'auni da yamma, ba abin da ya ƙaru. Kowace safiya kuma sai ɗaya daga cikinsu ya zo ya rusuna ya ce, "Shef, da dai ka bar Baba shi duba." Ni kuma in daka masa tsawa. Na ɗauka raini ne, wai suna nuna mini ban isa in tafiyar da aiki ba sai da tsoho. Da na ji haka sai na ƙara taurin kai.

Na buɗe littafin Yamai na shiga gwada abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Na ce wanda ya fasa dutsen zan rubuta sunansa in aika wa Turawa. Ba wanda ya ɗaga kai. Na sayo akuya aka yanka musu, suka ci suka yi godiya, ma'auni yana nan inda yake. Na koma ga tsoratarwa, na ce zan hana kowa takardar shaidar aiki. Suka ce Allah ya huci zuciyar Shef. Duk wannan abu matan gari suna wucewa ta gabanmu da jakansu, su rage tafiya su dubi tarin ƙasarmu, su ce sannunku da aiki, Allah shi ba da sa'a. Wani gida na makiyaya ya gaji da jira, suka ɗaure kaya suka yi kudu da bisashensu.

A rana ta shida da dutsen nan na fashe. Saura kwana biyar kamyo ya zo. Na tsaya bakin rijiya na zazzage su tas, na ce ragwaye ne, maciya amana, na ce abin da ba ya faɗuwa ga mutanen da suka girme ni. Na ƙare da cewa, "Ku sauke ni! In ga wannan dutse da ya fi ƙarfin ƙarti shida!"

Na yi zaton za su hana ni, wallahi ina fata su hana ni. Sai kawai suka dubi juna, mai riƙe da inji ya gyara igiya ya ce bismilla. Ba halin ja da baya.

Ba zan manta saukar nan ba. Na tsaya a cikin bokitin ƙarfe na rungume igiya, yana juyawa da ni, hasken sama yana ƙanƙancewa har ya koma kamar bakin ƙwarya. Ba addu'ar da ban karanta ba, har da ta cin abinci. Zafi, duhu, numfashina yana dawo mini a kunne. Da bokitin ya dira, dogon nan yana tsugune a gefe da 'yar fitila da guduma a hannu. Bai yi mamakin ganina ba.

Na ce, "Ina dutsen?"

Ya nuna da haɓa. Wani curin dutse ne da bai fi turmi ba, a zaune a tsakiya, duk jikinsa tabon guduma. Na sa ƙafa na tura shi don haushi. Sai ya motsa! Dutsen da ya tsare mu kwana shida ya motsa da ƙafa ɗaya. Na durƙusa na duba, ashe ajiye shi aka yi. A ƙarƙashinsa busasshiyar ƙasa ce aka baza, a ƙarƙashin ƙasar kuma buhunan siminti ne marasa komai, an shimfiɗa su ɗaya bisa ɗaya. Na yaye su. Hannuna ya nutse a cikin wani abu mai sanyi har wuyan hannu, da na zaro shi ramin da ya bari ya fara cika da ruwa a gaban idona.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na zauna daɓas a cikin lakar. Da ƙyar na ce, "Tun yaushe?"

"Yau kwana shidda."

"Kwana shida kuna zaune a kan ruwa? Mata suna tafiya rabin yini? Kun haukace ne? Kun san abin da kuka yi kuwa?"

Ya ajiye gudumar a hankali. Ya ce, "Shef, shekara goma sha tara nike bayan Baba. Sau biyu rami ya rufta da ni, shi ya tone ni da hannunai. Wagga ita ce rijiya tai ta ƙarshe, kowa ya sani. Ni ba ni cika hulata in aika sama shina zaune bisa kujera shina kallo. Na tambayi sauran, ba mai yi."

"To me ya hana ku faɗa mini?"

"Kullum muna hwaɗa maka, Shef. Mun aza kwana ɗaya za ka yi ka sauko. Da munka kwana biyu, sai kunya ta hana mu cewa ƙarya munka yi."

Na so in mare shi, Allah ya sani. Amma ina duban sa na tuna fuskokin da suka riƙa zuwa suna rusuna mini kowace safiya, da irin tsawar da nake daka musu. Na ce, "Baba ya sani?" Ya girgiza kai da ƙarfi, ya ce da ya sani da ya kashe su.

Na damtsi lakar a hannuna na ja igiya. Da na fito, wandona sharkaf, ba wanda ya iya duban idona. Na wuce su na nufi aduwar. Baba yana zaune ya ba rijiya baya kamar kullum. Na durƙusa a gabansa na buɗe hannuna.

Ya dubi lakar. Ya ɗan tsinci kaɗan ya murza, fuskarsa ta fara buɗewa, sai kuma ya kai ta hanci. Ya daɗe yana shinshinawa. Ya ce, "Wagga ba ta yau ba ce. Ta kwana ƙarƙashin wani abu." Ya miƙe, ya taka zuwa bakin rijiya inda suka fito da dogon nan, ya tsaya gabansa, kansa bai kai kafaɗar mutumin ba.

"Kwana nawa?"

"Shidda, Baba."

Na yi tsammanin zagi, ko duka. Tsohon nan sai ya zauna a ƙasa cikin ƙura, ya dafe kai da hannu biyu. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Tun ina saurayi nike ginar rijiya, ban taɓa hana ko kare ruwa ba. Yau an hana gari ruwa kwana shidda da sunana." Ƙarti shida suna tsaye suna hawaye, ni ma ban tsira ba.

Na ce, "Baba, laifina ne. Ka yafe mini. Ga rijiyarka nan, ka sauka ka aiko da hular."

Ya ɗago ya dube ni. "Wace hula, ɗana? Ba hula, ba guɗa. Kuma kar ka kwashe laihin kai kaɗai. Ni da na zauna ina hushi, mata na wucewa gabana da jakkai, da na taka nan sau ɗaya na saurari gudumar ga, da na san dutsen banza ake bugu." Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Ku ɗaura igiya, rana na tahiya."

Kwana biyar ɗin nan ban taɓa ganin ɗan Adam ya yi aiki irinsa ba. Tun fitowar rana har faɗuwarta suna cikin ruwa, biyu-biyu, ana kwarfewa ana haƙa, Baba ne farkon sauka kuma shi ne ƙarshen fita, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Ban isa in ce masa ya huta ba. Ni ma na tuɓe riga na kama hannun inji har tafukana suka fashe. Amma aikin kwana goma ba ya shiga kwana biyar don mutum ya yi nadama. Na hau babur na je Takanamat na nemi a aika wa biro saƙo a ƙara mana mako guda. Amsa ta dawo cewa kamyon zai biyo rakiyar sojoji ne, ranarsa ba ta motsi. Zobe biyu muka nutsar a cikin ruwa, inda ake bukatar biyar.

Mutanen gari ba su san komai ba. Su dai sun ga ruwa ya fito ba tare da hula ba, suka yi ta tambaya, aka ce musu gaggawa ce. Ranar da za mu tashi maigari ya sa aka yi mana tuwo da naman rago, ya miƙe a gaban jama'a yana yabon jarumawan da suka yi kwana shida suna faɗa da dutse don gari ya sha. Baba ya sunkuyar da kai. Akushi ya koma kusan yadda ya zo, matan suka yi ta mamaki ko miyar ce ba ta yi ba.

Kujerar nan a can muka bar ta, ba wanda ya ce a ɗauko. A Tawa Baba ya sauka daga kamyo da ƙullin kayansa, ya ba kowa hannu, ya nufi tashar Bambai. Na ji daga baya cewa bai sake shiga rami ba, kuma bai yi shekara biyu ba Allah ya yi masa rasuwa. Na riƙe mutane da yawa bayan haka a wurare daban-daban. Abin da na koya kawai shi ne, kafin in ba mutum wani abu, in tambaye shi, in kuma tambayi waɗanda ke tsaye kusa da shi.

Wajen ƙarshen shekarun nan, da hanya ta yi sauƙi, wani aiki ya bi da ni ta ƙauyen a tsakiyar bazara. Na ce wa direba ya tsaya. Wajen ƙarfe goma na safe ne, mata sun fi talatin a zaune kewaye da rijiyar, guga a jere a ƙasa, ba mai ja. Na gaishe da wata dattijuwa da ke bakin layi, na tambaye ta me suke jira.

Ta ce, "Ruwa, ɗana. Tun hantsi ta ƙahe, sai ta sake tarawa. Haka take duk bazara, guga biyu ga kowane gida." Ba ta gane ni ba, na yi ƙiba, na tara gemu. Ta ci gaba, "Bayin Allah da sunka gina ta sun yi iya ƙoƙarinsu. Dutse ne ya cinye musu kwanaki. Kullum muna yi musu addu'a."

Ta ga ina ta share zufa, sai ta jawo tulunta ta karkata shi. Ruwan da ke ciki bai kai rabi ba. Ta cika moɗa ta miƙo mini, ta ce baƙo ba ya wuce rijiyarsu da ƙishirwa. Na ce mata na ƙoshi, ina da ruwa a mota. Ta ce haba, in sha mana. Na karɓa da hannu biyu na sha, tana tsaye tana jira in miƙa mata moɗar.